Karan Sigari a Bayan Kunne

"Taba ka kawo masa, Ruifeng? Taba?!"

Peiru ta janyo shi bayan tsohon rumbun da mahaifinta ke busar da ganyen taba, inda muryarsu ba za ta kai cikin gida ba.

"Haba masoyiyata, ki saurare ni mana..."

"Kwali biyu manya! Har da ɗaure su da jan zare!"

"To me zan kawo? Duk faɗin lardin Yunnan wane saurayi ne ke zuwa gaida surukinsa ran farko ba taba ba giya? Baffa Kang ne ya zaɓo da kansa, mafi kyau a kanti. Da na zo babu ita, cewa za a yi gidanmu ba tarbiyya."

"Gara a ce ba ku da tarbiyya da a ce ba ni da uba!"

Ruifeng ya sunkuyar da kai.

Ni dai ban ga laifin yarinyar nan ba. Mahaifinta, Tsoho Duan, shekara arba'in yana noman taba yana kuma zuƙarta, har huhunsa ya gaji. Likita Nie ta gaya musu ba ɓoye-ɓoye: hanyoyin iskar sun ƙuntace, abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma in ya daina za a iya ceto abin da ya rage. Sau uku yana rantsuwa ya bari, sau uku yana komawa. Sai a wannan karon aka ɗora shi a kan ƙwayar da ke kashe ƙishin taba, ɗaya da safe ɗaya da yamma, bayan abinci, har sati goma sha biyu. Tana sa shi tashin zuciya da mafarkai marasa kan gado, amma ya daure. Sati biyar ke nan bai kunna ko kara ɗaya ba.

"Ai ba sai ya sha ba," Ruifeng ya faɗa a sanyaye. "Ya ajiye a saman kabad, baƙi su gani su san an girmama shi."

"Ka ba kura ajiyar nama ke nan."

"Ki yi haƙuri, rabin raina. Ban yi tunani ba..."

"Shi ne ciwon ai. Ba ka yi tunani ba."

Tabar ta zauna a saman kabad ɗin. Kyautar suruki ba a mayar da ita, ba a kuma jefar da ita, duk wanda ya tashi a garin ya san haka.

Ranar cin abincin baiko, Baffa Kang, babba a gidan su Ruifeng, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarar dariya, ya miƙe tsaye a gaban dangi. Ya zaro kara ɗaya, ya miƙa wa Tsoho Duan da hannu biyu, ashana a shirye.

"Daga yau mun zama ɗaya! Ɗan'uwa, ka ba ni wannan girman."

Tsohon ya dubi 'yarsa. Ta girgiza kai, idonta ya cika da ƙwalla. Ya dubi hannayen nan biyu da ke jira a gaban mutum ashirin. Ƙin karɓa a nan daidai yake da mari.

Ya karɓa. Aka kunna masa.

"Ko daɗi ba ta yi mini ba," ya ce mata a hanyar gida. "Kamar na zuƙi ciyawa. Maganin nan na aiki."

Amma sabo turken wawa. Bayan kwana huɗu ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta tarar da shi zaune a tsakiyar matakalar dutsen da ke hawa zuwa gidansu, mai taki talatin da biyu. Ya dafe ƙirji, leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa na fita da ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A aljihunsa akwai ƙaramin kwali daga cikin kyautar nan mai jan zare, an sha rabi.

"Baba! Baba, dube ni! Ina maganin shaƙarka?"

A asibiti aka sa masa iska ta hanci. Da Ruifeng ya iso a guje, Peiru ta tare shi a bakin ƙofa. Ta zare warwaron da mahaifiyarsa ta sa mata ranar baiko, ta danƙa masa.

"Peiru... me ke nan?"

"Uwata ta rasu ina da shekara tara. Shi kaɗai gare ni. Ranar biki ma dole ka durƙusa ka kunna masa wata, ko ba haka al'adar take ba? Ina sonka, Ruifeng, kamar in mutu. Amma ba zan sayi aure da numfashin mahaifina ba!"

Ta shige ta rufe ƙofa, ta jingina da ita tana kuka marar sauti.

Likita Nie ba ta yi wa tsohon faɗa ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da gadonsa.

"Kawu Duan, tuntuɓe ba faɗuwa ba ne. Ka ci gaba da shan ƙwayar, in ta kama ma mu ƙara maka wasu makonni. Maganin zai kashe maka ƙishin, amma ba zai iya ce wa mutane a'a a madadinka ba."

"Likita, kunya ce ta kashe ni."

"To ka nemo yadda za ka ji kunyar kana numfashi."

Kwana tara ya yi a kwance. Kullum Peiru ta dawo daga aiki sai ta ga kwanon miyar kaza a gefen gado, da kujera an matso da ita kusa. Ta san wanda ke zuwa, ta ƙi tambaya.

"Yaron nan ya girmama ni ne yadda aka koya masa," mahaifinta ya ce ran da za a sallame shi. "Ni ne ban san yadda ake karɓar girma a bar guba ba. Ki karɓi warwaronki, 'yar Baba."

"In aka sake miƙo maka fa?"

"Mun yi magana da shi. Ki yarda da mu sau ɗaya."

A ƙofar asibiti Ruifeng ke tsaye, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya miƙo warwaron. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta miƙa hannu.

Safiyar biki gidan ya cika maƙil, jan ƙyalle ko'ina, hayaƙin baƙi ya turnuƙe tsakar gida. Ruifeng ya durƙusa gaban Tsoho Duan. Aka kawo faranti: shayi, jan kwalin taba, da ashana. Ya miƙa shayin da hannu biyu.

"Baba, sha shayi."

Karo na farko ke nan da ya kira shi Baba. Tsohon ya kurɓa.

"Saura tabar," Baffa Kang ya faɗa da ƙarfi. "Kunna wa surukinka, yaro!"

Ruifeng ya zaro kara ɗaya ya miƙa. Peiru ta ga yatsun mahaifinta sun karɓa... sai ya ɗaga hannu a hankali, ya maƙale karan a bayan kunnensa, yadda magidanci ke yi in ya ajiye ta sai anjima.

Ruifeng bai taɓa ashanar ba. Ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa ya fito da 'yar jar takarda a naɗe, ya warware. Ƙwaya ce fara ƙarama.

"Baba, ka karya amma ba ka sha na safe ba. A kawo ruwa, kofi cike."

Baƙi suka dubi juna.

"Wannan kuma wace al'ada ce?" in ji Baffa Kang, fuska a murtuke.

Tsoho Duan ya haɗiye ƙwayar, ya shanye ruwan, sannan ya taɓa kunnensa.

"Ɗan'uwa, girman gidanku na karɓa, ga shi nan kowa na gani. Numfashin dai ka bar mini. Ina so in ga jikokinmu, ni da kai."

Baffa Kang ya dubi tsohon, ya dubi amaryar da hawaye ya ɓata wa kwalliya, ya dubi tabar da ke ci a tsakanin yatsunsa. Ya yi gyaran murya, ya murje ta a ƙasan takalminsa.

"To me kuke kallo?" ya daka wa sauran mazan tsawa. "Ku kashe mana! Ba ku ga surukina na shan magani ba?"

Mahaifin Peiru ne ya riƙe hannunta har ƙasan matakala, ya sa ta a mota.

Da motar ta motsa, Peiru ta juya ta gilashin baya. Tsohon ya fara hawa, shi kaɗai. A da sau huɗu yake tsayawa kafin ya kai sama. Ta riƙe hannun Ruifeng tana ƙirgawa a hankali.

"Goma... sha biyar... ashirin..."

Ya tsaya sau ɗaya, ya dafa gwiwa, ya ci gaba.

"Talatin da biyu! Ruifeng, ya kai! Ya kai!"

Can sama tsohon ya juyo yana ɗaga mata hannu, yana haki yana dariya, farin karan na nan a bayan kunnensa ba a kunna ba. Ta kifa kai a kafaɗar mijinta ta fashe da kuka.