Idon Baba Hezekaya

"Kai ka faɗa musu!"

Dorinda ce ke magana. Tana tsaye cikin ruwan da bai wuce ƙwaurinta ba, tana riƙe da igiyar jirgin mahaifinta.

"Dorinda, ki saurare ni..."

"Mu uku muka sani, Alfeus. Ni, da Baba, da kai. Sai ga shi jiya an sallame shi, yau an kira ka an ba ka gurbinsa!"

"Wallahi ban..."

"Kar ka rantse min!"

Shekara arba'in Baba Hezekaya yana jagorantar baƙi masu fatsa a tsibirin Andros. Yana tsaye a bayan jirgi da doguwar sandar tuƙi, zai hango bonfish, kifin nan mai launin azurfa da ke sajewa da farin yashi, tun baƙo bai ga komai ba. Ido shi ne sana'ar. Bara sai yanar ido ta fara rufe masa nasa. Dorinda, wadda ke ɗaura masa ƙugiyoyi da gashin tsuntsu har su zama kamar jatan lande, ta koma bin sa a jirgi, tana raɗa masa inda kifi yake, shi kuma ya ɗaga murya ya faɗa wa baƙo.

Alfeus ya gano haka tun da daɗewa, ya yi shiru.

Dama Baba ba ya ƙaunarsa. Mahaifin Alfeus ne ya taɓa jan taru a bakin rafin garin, ya kwashe garken kifin da ya ɗau shekaru kafin ya dawo. Sau biyu ana zuwa neman auren Dorinda, sau biyu Baba yana cewa, "Ɗan mai taru ba zai zauna min a tabarma ba."

"Abar ƙaunata, kalle ni," in ji Alfeus a hankali. "Kin yarda zan iya?"

Ta juya masa baya. Petrona, 'yar ƙanwar mahaifiyarta da ke aiki a masaukin baƙin, ta riga ta gaya mata cewa da idonta ta ga shigarsa ofishin manaja.

Sati uku ba ta ƙara yi masa magana ba.

Baba ya koma zaman baranda, fuskarsa na kallon tekun da ba ya gani. Dorinda ta dafa shinkafa da wake da kaguwa, ta ajiye masa, ta koma teburinta. Ta ɗauki zare ta ajiye. Hawaye ya hana ta ganin ƙugiya.

Ranar wata Laraba da safe ya kira ta.

"'Yata, an ce yaron nan bai karɓi aikin ba?"

"Haka na ji."

"An ce jibi zai bi jirgin kaya zuwa Nassau, babban birni."



Ya daɗe yana murza hularsa.

"Ba shi ba ne."

"Baba?"

"Manaja ya gaya min tun ranar. Petrona ce ta faɗa musu. Ta ga ina laluben kofi a gabana. Shi kuma yaron ya shiga ofis ne ya roƙa a bar ni. Ita ta daɗe tana son sa, ke kaɗai ce ba ki lura ba."

Dorinda ta dafa bango.

"Ka sani... kana jin kukana kullum... ka yi shiru?"

"Na yi shiru." Ya ajiye hular. "Na rasa ido, na rasa aiki. Na ce in ya tafi, ko ke kya rage min. Na zalunce ki, 'yata. Je ki kira min shi."

Ba ta tsaya neman takalmi ba.

Ta same shi a bayan gidansu yana ɗaure jaka. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu.

"Alfeus... ka yafe min."

Ya kalle ta, idanunsa jajur.

"Ba zargin ne ya fi min ciwo ba, Dorinda. Saurin yardar da kika yi ne."

"Na sani... na sani, masoyi."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Me Baba yake so?"

Washegari da hantsi, ruwa na kawowa, su uku suka fita. Baba ya tsaya a goshin jirgi da sandar fatsarsa, Dorinda na riƙe da bayan rigarsa. Alfeus yana tuƙi a hankali, ko ƙarar sanda ba a ji.

"Ɗan mai taru," in ji Baba, "yau zan ji ko kana da ido."

"To, Baba."

Suka ratsa farin yashi kusan awa guda babu wanda ya yi tari. Sai Alfeus ya dasa sanda, jirgi ya tsaya.

"Baba, hagunka. Juya... ƙara kaɗan... tsaya! Taku ashirin. Shi kaɗai ne, babba, yana tahowa."

Zaren ya tashi sama, ya yi baya, ya yi gaba, ya miƙe ya sauka kamar an ajiye shi da hannu.

"Bar shi ya nutse... ja... ja kaɗan... ya gani! Tsaya... Yanzu!"

Kifin ya fizgi zaren da gudu yana yanka ruwa, sandar ta lanƙwashe. Baba ya saki wata dariya da Dorinda ta shekara ba ta ji ba, hawaye na bin gemunsa.

Da kifin ya gaji, Alfeus ya taimaka masa ya sauka cikin ruwa. Tsohon ya shafa shi daga kai har wutsiya, ya zare ƙugiyar, ya riƙe shi a ƙarƙashin ruwa har ƙarfinsa ya dawo. Sannan ya buɗe hannu.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Baba."

Ya laluba ya kamo hannun Dorinda, ya laluba ya kamo na Alfeus, ya haɗa su a jiƙe.

"Ka ce wa ubanka ya zo ranar Lahadi bayan coci. Ya sa rigar kirki, kar ya shigo min yana ƙarni."

"Baba!" Dorinda ta faɗa ƙirjinsa tana kuka.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Petrona ba ta zo ba, babu kuma wanda ya tambaya. Baba ya rako 'yarsa har gaban fasto, ita ce ke jan sa amma shi ke gaba. Kafin ya sake ta ya matso da bakinsa kusa da kunnen Alfeus.

"Gaya min, yaya kamanninta yau?"

Alfeus ya buɗe baki, magana ta ƙi fita.

Tsohon ya jinjina kai.

"Ya isa, ɗana. Na gani."