Wanda Ya Karkatar da Hanyar Bature

Ranar Talata Baturen da ke rangadi a Dutse ya kai ƙara da bakinsa, wai an taɓa masa hanya.

Hanyar fa ba wata aba ba ce. 'Yar siririya ce, ta taso daga gindin duwatsu, ta ratsa jeji da gonakin gero, ta ƙare a bakin tafki. Bature ya sa an kafa mata turaku an shafe su da farar ƙasa, kullum da safe yana bin su yana kaɗa ragar kama malam-buɗe-littafi. Ba kasuwa za shi ba, ba gaisuwa ba, tafiya kawai, don Allah ku ji! Da can da hantsi yake dawowa, yanzu sai azahar, ya yi jawur kamar barkono. Ya rantse in Juma'a ta yi ba a kama kowa ba, Ɗanmusa mai gadin hanya zai sha bulala goma sha biyu.

Sufeto Uwaisu, wanda aka haɗo da Bature daga Kano, ya fara da Ɗanmusa.

"Yaushe rabonka da hanyar?"

"Jiya-jiya, ranka ya daɗe."

"Turaku nawa ne?"

Ɗanmusa ya kama lissafi da yatsu. Ashe tun saukar damina bai leƙa ba. Sufeto ya ji haushinsa, ya kuma ji tausayinsa.

Kashegari ya bi turakun da kansa, Ɗanmusa na biye da shi. Bayan wata kuka ya tarar da tsofaffin ramukan turaku sun miƙe zuwa tafki, turakun kuwa sun yi hagu.

Ya bi su. Gonakin nan duk tsuntsaye sun yi musu kaca-kaca, ban da guda ɗaya, wadda zangarniyarta ta cika fam. Turaku sun zagaye ta, sun ratsa tsakiya, sun sake zagayowa, ko'ina sawun takalmin Bature.

Mai gonar, Baffa Maharazu, dattijo ne mai ciwon gwiwa. Ya ce shi bai ma taɓa lura da turaku ba.

"Baffa, wa ke kore maka tsuntsaye?"

"Allah."

"Farar ƙasar da ke bakin rigarka fa?"

Tsoho ya karkaɗe bakin rigar. Da ya ji zancen bulalar Ɗanmusa sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi ne ya karkatar da turakun. Ba shi da mai taya shi kora, bara ko dami ɗaya bai ɗaure ba. Bana ya lura tsuntsu ba ya tsoron komai kamar farar hular Bature da ragar nan.

"Mutum yana yawon banza, Sufeto, na ce bari ya yi mai amfani."

Sufeto ya sa shi gaba. Ya waiwayi geronsa, ya ce saura kwana shida girbi.

Sufeto ya murza gashin baki, ya kira Ɗanmusa.

"Turakun nan shaida ne. Kada wanda ya taɓa su sai alƙali ya zauna."

"Yaushe zai zauna, ranka ya daɗe?"

"Nan da kwana bakwai. Ka gaya wa Bature ya ci gaba da bi, muna bincike."