Akwatin da Dogo Ya Kawo

Dab da magariba Injiniya ya hau rufin bene da na'urori biyu a hammata. Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma abin da ya fi so a duniya shi ne kamo hotunan gajimare da tauraron ɗan adam ke aikowa in ya gifta ta sama. Minti goma sha biyu kacal tauraron ke yi kafin ya ɓace.

Ɗaya na'urar 'yar mitsitsiya ce kamar yatsa, a jikin kwamfuta ake soka ta. Ɗayar kuwa tsohon akwati ne mai nauyi, wanda amininsa Dogo ya kawo masa kyauta shekaranjiya. Shekara ashirin suna wannan harka tare. Dogo ya rantse masa cewa ƙaramar ba ta kama ƙafar akwatin ba, ya gwada ya gani.

Ya raba wayar eriya gida biyu, ya jona su, ya zauna.

Tauraron ya shigo. Ƙaramar ta fara 'yar ƙararta, hoto na sauka layi-layi, ga gajimare, ga ɗigo-ɗigo inda sigina ta yanke. Na akwatin kuwa tas, ko ɗigo babu. Injiniya ya yi murmushi, a ransa ya ce Dogo ya yi gaskiya.

Sai ya lura ba gajimare ba ne. Rufin bene ne aka ɗauko daga sama. Ga tankin ruwa. Ga igiyar shanyar matarsa. Ga shi kansa a duƙe.

Warin ƙonannen gashi ya bugi hancinsa.

Wasu layukan suka sauko. Wata doguwar mace ce tsaye a bayansa, ta sunkuyo kan kafaɗarsa.

Bai waiwaya ba. Ya fizge wayar wuta daga akwatin. Hoton ya ci gaba da sauka.

Ya kira Dogo a waya. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar dama jira yake.

"Ka gan ta?" in ji Dogo ƙasa-ƙasa.

"Ashe ka sani?"

"Wata bakwai rabona da barci. Ba ta sakin mutum sai ya ba wani mutum akwatin, shi kuma ya karɓa da murna. Wa zai karɓa a hannuna ba tambaya, in ba kai ba?"

Huci mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa. Daga cikin akwatin, murya ta kira shi da sunan da marigayiya mahaifiyarsa kaɗai ta sani.

Ya rarrafa zuwa matattakala, ya gangara da haƙarƙari. Yana jin takunta a bayansa, mataki-mataki, ba gaggawa.

Minti goma sha biyun suka cika, tauraron ya ɓace. Takun ya tsaya, saura mataki biyu.

Washegari Dogo ya aiko masa saƙo, wai kada ya cuci kansa, ya nemi wanda zai ba akwatin. A makon nan ƙanen Injiniya ya ga akwatin, ya yi ta roƙo a bar masa. Injiniya ya daka masa tsawar da bai taɓa yi masa ba, ya kulle akwatin a ɗakin ajiya, ya rataya makullin a wuyansa.

Har yau duk magariba yana jin taku a matattakala. Ya rame, idanunsa sun zurma.

Dogo kuwa ya murmure, har kumatu ya yi. Kullum ya biyo ta ƙofar shagon sai ya tsaya ya yi sallama. Injiniya kan amsa, don sallamar ta Allah ce, amma bai sake ɗaga kai ya dube shi ba.