Kwaɗo a Gaban Fitila

A can wani gari an yi wani mai ɗaukar hoto, ba ya ɗaukar komai sai kwaɗi da ƙadangaru. Ran nan ya kamo wani koren kwaɗo, ya ajiye shi gaban fitila mai zafi.

Matarsa ta ce, "Malam, fatarsa ta fara bushewa. Mai da shi ruwa."

Ya ce, "Saura ɗaya."

Ta sake magana. Ya ce, "Saura ɗaya."

Ko da ya sauke kyamara, kwaɗo ya sandare.

Ya zauna ya gyara hoton, ya sa wa idanun ƙyalli. Duk wanda ya gani sai ya ce, "Kai, kamar zai yi tsalle!"

Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai.