Fatar Famfon Kawu Mati

Ku matso. Hajjo, rage fitilar nan. Nafi'u, in ka san za ka yi fitsarin kwance ka tashi tun yanzu, don ba ni zan wanke tabarma ba.

Kun daɗe kuna tambayata abin da ya sa babanku ba ya taɓa famfon mai, alhali duk garin nan babu bakaniken da ya kama ƙafarsa. Yau zan gaya muku. Amma maganar ta tsaya a ɗakin nan.

Babanku yana da wa, Kawu Mati. Ba ku san shi ba. Ni na san shi, da shi da babanku duk 'yan'uwan innata ne, ya sha ɗora ni a wuya. Direba ne, bakanike kuma, yana da wata tsohuwar mota shuɗiya, irin ta da, mai dogon hanci. Matarsa Lantana ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce Mai Shuɗiya. Mace ce mai surutu, Allah ya jiƙanta. Daga madafa har bakin rijiya bakinta ba ya hutawa, shi kuwa sai murmushi.

Wata damina igiyar ƙasa ta sare ta a gona. Kun san ba a kama sunan abin da dare. Kawu ya kwantar da ita a kujerar baya, ya ɗauki hanyar asibiti. Suna isa kwalbatin Rafin Giginya, mota ta yi tari, ta mutu.

Famfon mai ne. Wani ɗan ƙarfe ne a gefen inji, bai fi tafin hannu ba. A cikinsa akwai fata ta roba, zagayayya kamar marfin kwalla. Ita ke sama da ƙasa, tana zuƙo fetur daga tanki tana tura wa inji. In ta yage, ko tanki a cike yake, mota ba ta motsi.

Kawu ya buɗe gaban mota, ya cusa kai. Yana taɓa nan, yana kasa kunne can. Sai Lantana ta kira shi daga baya.

"Mai Shuɗiya, zo. Akwai maganar da zan gaya maka."

Ya ce, "Yi shiru, Lantana, in ji abin nan."

Ta yi shiru.

Kafin ya ɗago kai, ta cika.

Tun daga ranar Kawu bai ƙara dariya ba. Kullum yana gareji da famfon nan a cinya. Ya kwance sukurori, ya wanke ƙananan bawul ɗin da ke buɗe wa mai hanya da fetur, ya goge, ya mayar. Motar ta tsufa, ba a samun robarta a kasuwa, sai ya riƙa yanko fata daga tsohon tif na taya. Fetur kuwa cinye ta yake yi. Duk wadda ya sa, sai ya tuƙa zuwa kwalbatin nan don gwaji, nan kuma motar take mutuwa. Ko yaushe nan.

Wata rana da bazara, rana tsaka, ta sake mutuwa. Babu kowa a hanya. Ko tsuntsu ba ya kuka. Yana tsugune yana kwance famfon, sai ya ji sallama a ƙeyarsa. Ya waiga, ba kowa. Ya juyo, sai ga tsoho tsaye a gabansa da ƙaton rawani.

"Sannu da aiki, mai mota."

Bakin tsohon ne ya motsa, amma muryar daga bayan Kawu take fitowa. Kawu ya sunkuyar da kai. Ƙafafun tsohon babu takalmi a kan yashi mai ƙuna, dugadugansa kuma su ne a gaba.

Kawu ya so ya yi addu'a, harshe ya yi nauyi.

Tsohon ya ce, "Ka dame mu da zuwa. Me kake nema?"

"Fata nake nema, Baba."

"Ƙarya kake. Maganar kake nema. Bayan ka ce ta yi shiru, ta faɗe ta a hankali. Kai ba ka ji ba. Ni ina ƙarƙashin nan, na ji."

Ya warware rawanin. Kunnensa ya zubo har kafaɗa, faɗinsa kamar faifai. Ya karɓi wuƙar Kawu, ya yanko zagaye daga kunnen nasa, daidai bakin famfon. Ko ɗigon jini babu. Ya miƙa masa. Da ɗumi.

"Sa wannan. Amma tana cinyewa. Duk bugu ɗaya, tana raguwa."

Kawu ya huda ramukan sukurori, ya ɗaure. Da ya ɗago, ba tsoho, ba sawu. Ya murɗa makulli. Mota ta tashi. Daga kujerar baya ya ji an ce:

"Mai Shuɗiya, zo."

Hajjo, sake mini zane. Ban ƙare ba.

Daga nan Kawu ya daina ɗaukar fasinja. Sai ya shiga motar a gareji, ya rufe gilasai, ya tayar da ita ɗan lokaci kaɗan, ya kashe. Kowace rana tana ƙara 'yan kalmomi a kan na jiya. Halin Lantana ke nan, ba ta zuwa kan magana kai tsaye. Ta ce a kai wa innarta akuyar nan mai jan wuya. Ta ce ya daina kwana da rigar aiki. Ta ce shekara da shekaru tana ɓoye masa wani abu, ba mugun abu ba ne, kunya ce kawai ta hana ta faɗa. Yana jin ta kusa kaiwa, sai ya kashe inji. Tsoro yake ji. In ta gama, me zai saura masa?

Bai gaya wa kowa ba. Ya san za a ce ya taɓu, a kira malamai, a ƙone fatar.

Babanku kuwa yana gani. Yana ganin wansa ya rame, yana ganin fetur na ɗiga daga famfon nan, ɗis, ɗis, yana ɓata ƙasar gareji. Bakanike ba ya iya kallon abu na yoyo ya kau da kai. A zatonsa baƙin cikin Yaya duk na motar ne da ta ƙi gyaruwa. Ya aika har Kaduna, aka bi 'yan gwangwan rumfa rumfa, aka samo masa robar asali, sabuwa fil a ledarta.

Ana haka zazzaɓi ya kwantar da Kawu a gidanmu. Babanku ya ce ga dama ta samu. Ya kwance famfon, ya ciro wata yamutsattsiyar fata da ta yi sirara har ana hango haske ta cikinta. Ya yi tsaki, ya jefa ta a wutar da suke ƙona tsummokaran mai. Ya wanke komai tas, ya sa sabuwar robar da sabon gasket mai hana yoyo, ya ɗaure sukurorin ɗaya bayan ɗaya, bai matse wani fiye da wani ba. Aiki ne na ƙauna, wallahi. Ban taɓa ganin aikin ƙauna da ya yi ɓarna irin wannan ba.

Ran da Kawu ya miƙe, babanku ya jawo hannunsa har gareji, baki har kunne.

"Yaya, tayar ka ji."

Ya shiga. Bugu ɗaya ta tashi, lafiya lau, ko tari babu. Ya zauna. Ya daɗe. Ya juya ya dubi kujerar baya.

Ya ce wa babanku, "Ilu, ina wadda ka cire?"

"Wannan tsumman? Na ƙone shi."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dafa kan babanku kamar yadda yake yi masa suna yara, ya ce, "Aikinka ya yi kyau. Allah ya yi maka albarka."

A daren Kawu ya gaya wa innata komai, ina kwance a bayanta na yi kamar ina barci. Ta ce gari na wayewa za ta tara 'yan'uwa. Kafin asuba ya fita da motar.

Babanku ne ya bi shi a keke, bayan inna ta faɗa masa yana kuka tana kuka. Ya iske Shuɗiya a kan kwalbatin, rana tsaka, inji na aiki a hankali, gilasai a rufe. Ba kowa a gaba. Ba kowa a baya. Takalman Kawu ne kawai a jere a bakin ƙofa.

Amma ana hira a ciki. Murya biyu. Mace tana ta zuba, namiji yana dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar da aka yi shekaru ba a ji ba.

Babanku ya so ya ba su haƙuri. Abin da ya kai shi ke nan. Ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ce, "Yaya."

Inji ya mutu. Hirar ta yanke.

Ya kira har muryarsa ta dushe. An haƙa yashin rafin, an bi jeji, ba a ga Kawu ba har yau.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada ɗayanku ya bi hanyar Rafin Giginya shi kaɗai, ko da rana ce. In kuma kun ji ƙarar mota a kan kwalbatin nan alhali ba ku ga mota ba, kada ku yi sallama, kada ku kira sunan kowa. Ku wuce a hankali, ku bar su su gama.

Shiru. Ga tarin babanku can a zaure, ya dawo daga masallaci. Nafi'u, share fuskarka. Je ka karɓi buzunsa, ka yi masa sannu da zuwa.