Kalmar Sirrin Manaja

Ranar Juma'a da la'asar aka kira Sufeto Uwaisu zuwa wani kamfanin taki a hanyar Sandamu. Buhu tamanin sun yi ɓatan dabo, kuma manhajar da ke sanar da hedikwata duk buɗewar ƙofar sito ta yi shiru na awa guda.

Manaja Jibril ya riga ya yanke hukunci. Maza duk sun tafi masallaci, in ji shi, ba wanda ya rage sai Khairunnisa mai kula da kwamfuta. Shi kuwa ko kunna kwamfuta bai iya ba.

Sufeto bai faye yarda da mai saurin nuna ɓarawo ba.

Ya tarar da Khairunnisa a tsorace, don ta san in ba a samu wani ba ita za ta kwana a caji ofis. Ta bayyana masa cewa manhajar tana riƙe layi ɗaya a buɗe da hedikwata, amma sai ta bi ta furoksi, wato mashigar intanet ta kamfani, mai tambayar suna da kalmar sirri. Rajistar kwamfuta ta nuna manhajar ta nemi wucewa sau ɗari bakwai ana korarta, alamar an canja kalmar sirrin ke nan.

"Da sunan wa take shiga?"

"Na Manaja, ranka ya daɗe. Hedikwata ba ta ba ta nata ba, shi ne ya ara mini."

"Ke nan kin san kalmar."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta sani, amma canja ta kaɗai ba ya yanke layin da ya riga ya buɗe, sai an kashe na'ura an kunna. Ranar Laraba ma wani ya tambaye ta yadda ake yanke layin. Ta ƙi faɗin ko wane ne, tsoro ya hana ta.

Maigadi Sabiru ya fara rantsuwa bai ga komai ba. Da Sufeto ya ce ya shiga motar 'yan sanda, sai ya tuna: ƙarfe ɗaya saura, Manaja ya sa shi ya kashe inbata mai ba kwamfutoci wuta na minti guda, wai tana zafi.

Waya ɗaya Sufeto ya buga wa hedikwata, ya koma ofis.

"Malam Jibril, sun ce ba a canja kalmar sai da lambar da ake turo wa wayar mai sunan. Ara mini taka."

Saƙo biyu ne a ciki: na ƙarfe sha biyu da minti hamsin, lokacin da aka canja kalmar, da na ƙarfe biyu daidai, lokacin da aka mayar da tsohuwar kalmar.

Jibril ya amsa laifinsa. Ya ce takin yana wani kango a Baure, kuma ya ɗauka ba wanda zai saurari mace a kan manaja.

Ana saka masa ankwa Khairunnisa ta ɗago.

"Ranar Laraba na ji daɗi, Manaja. Na ɗauka koyo kake so."