Goyon 'Yar Fari

"Wallahi ba za a sa mata wuta a baya ba!"

Ilu ya saki mangalar da yake saukewa daga kan jaki, ya juyo yana duban matarsa. Dawowarsa ke nan daga Kano, inda ya kai fatu kantin Nasara, ko ruwa bai kurɓa ba.

"Safara'u, rage murya... Inna na ji."

"Ta ji mana! Gobe da hantsi Ubale wanzami zai zo da ƙarfensa ya yi wa yarinyar nan sakiya. Kai da ka haife ta, ka sani?"

"Yarinyar nan" ita ce Yelwa, 'yarsu ta fari. Tun ranar suna Safara'u ba ta taɓa kiran sunanta ba. Haka kowace mace mai kunya take yi a Gumel. Uwa ba ta yi wa ɗan fari wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai. Ranar da aka yaye Yelwa, Inna mahaifiyar Ilu ta ɗauke ta zuwa sashenta, zana ɗaya ce kawai ta raba su.

Ilu yana kan hanya abin ya faru. An zura Yelwa cikin rumbu ta miƙo gero, kamar yadda ake zura yara don bakin rumbu ba ya cin babba. Wajen fitowa ƙafarta ta zame, ta faɗo ta baya a kan turmi. Tun daga ranar take tafiya a karkace, wani ƙullutu ya taso a tsakiyar gadon bayanta, ƙafar hagu kuma ta fara ja.

"Inna ta ce mugun jini ne ya taru," in ji Ilu a hankali. "In aka huda zai fita."

"Ƙashi ne, Malam! Ƙashi ne ya goce! Ta jikin zana nake leƙenta, na ga yadda take dafa ƙugu in za ta tashi. Haka yayana Manu ya yi da raƙumi ya kayar da shi, Ɗantsoho maɗori ne ya gyara shi a garinmu. Yau Manu noma yake yi."

"Maigatari? Garinku ne fa. Kina fita za a ce yaji kika yi."

"Su ce!"

Ya matso, ya riƙe bakin mayafinta. Da wannan kallon ya sace ta tun tana budurwa mai tallar fura a kasuwar Maigatari, yana saye yana ba jakinsa don dai ya sami dalilin dawowa.

"Hasken idona... ki bari in yi mata magana."

Ya shiga sashen Inna. Bai daɗe ba ya fito kansa a ƙasa. Tsohuwar ta rantse, duk wanda ya fitar mata da 'ya daga ɗaki ya bar gidan ke nan, in kuwa Safara'u ce, to, sai Ilu ya sallame ta.

Safara'u tana son mijinta, son da ko ƙawarta ba ta taɓa gaya wa girmansa ba. Ta zuba masa tuwo, ta zauna tana kallonsa yana juya loma ya kasa kaiwa baki.

Da hantsi Ubale ya iso da zabirarsa. Aka hura gawayi, matan maƙwabta suka cika tsakar gidan Inna. Ilu ya fice ƙofar gida, don shi ma uba ne, kunyar ta hau kansa.

Safara'u na tsaye a bayan zana, tana jin ƙaurin ƙarfe, sai muryar yarinyar ta ratso.

"Inna, kar a ƙona ni... zan tashi, wallahi zan ɗebo ruwan..."

Ba ta san lokacin da ta ture zanar ba.

"Yelwa!"

Wata tsohuwa ta rufe baki da tafin hannu. Yarinyar da ke kwance rub da ciki a kan tabarma ta ɗago kai tana neman mai kiran, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba.

"La'ilaha illallahu!" in ji Inna. "Safara'u, kanki ɗaya? A gaban mutane?"

"A gaban mutane, Inna. Baba Ubale, mai da ƙarfenka wuta, yau ba aikinka."

Ubale ya ɗaga gira. "'Yar nan, ni na cire miki belun wannan yarinyar, ni na yi wa ubanta kaciya. Yau ni za ki hana?"

"Allah ya saka da alheri. Amma baya ba belu ba ne."

Inna ta miƙe. Ba muguwa ba ce. Shekarar babbar yunwa ita ta riƙa hana cikinta tana ba Yelwa, kowa ya sani.

"Ni na yi goyonta, ni na ci kashinta da fitsarinta! Ke me kika sani a kanta? Ko abin da take so a miya kin sani?"

Maganar ta soki Safara'u, don gaskiya ce. Hawaye suka zubo mata, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ban sani ba, Inna. An ce kunya, na yi kunya. Tana kuka ina toshe kunne. Ta faɗo daga rumbu ina tsaye da muciya a hannu, na kasa zuwa in ɗaga ta, wai kar a ce na nuna so! Ya isa haka."

Ta durƙusa, ta kwance mayafinta.

"Hau, Yelwa."

"Yaya... ke za ki goya ni?" Haka yarinyar take kiranta tun da ta iya magana.

"Ni. Hau a hankali."

"In kin tsallake zauren nan, kin tsallake aurenki!" Inna ta ɗaga murya.

Ta tsallake. A ƙofar gida ta tarar da Ilu zaune a kan dakali. Suka haɗa ido.

"Malam, ka ba ni izini ko kar ka ba ni, tafiya zan yi. Amma na fi so ka ba ni."

Leɓensa ya motsa, magana ta ƙi fita. Ta jira... ta ƙara jira... sannan ta juya ta kama hanya, zuciyarta na tsagewa.

Ta ratsa gari da ƙatuwar yarinya a baya, ƙafafun na lilo har gwiwarta. Mata na leƙe ta kan danga. "Ba 'yar farinta ba ce?" "Ita ce! Yau mun ga rashin ta-ido!" Safara'u ta ƙara tamke goyonta, ta ɗaga kai sama.

Sai da suka shiga yashin hanyar Maigatari ta gane ta yi kuskure. Goyon yana lanƙwasa bayan. Duk takun da ta yi sai Yelwa ta yi nishi, har ta daina nishin ta koma cizon mayafi.

Ta sauke ta a gindin wata aduwa. Gaba da nisa, baya ba komawa. Ta zauna a yashi ta fashe da kuka, yarinyar na share mata hawaye da ɗan yatsa.

Can ta hango wani abu mai faɗi yana tahowa a kan mutum. Da ya matso sai ta gane tafiyar. Ilu ne, ya ciro ƙyauren ɗakinsu ya ɗoro a ka, gumi ya jiƙe masa taguwa.

"Ba a goyon mai ciwon baya," ya ce yana haki. "A hanyar Kano na ga yadda Buzaye suke ɗaukar nasu, a shimfiɗe. Kin fita da sauri kamar an koro ki, ba ki bari na tuna ba."

"Ai ba ka yi magana ba!"

"Tsoro na ji, Safara'u. Ban taɓa ce wa Inna a'a ba."

"Yanzu fa? Ta ce ka sallame ni."

"Ta ce. Na ce mata bakina ba zai iya ba. Ta ce to kar in ƙara gaishe ta. Na durƙusa na gaishe ta, na fito."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Ta kai hannu ta share masa gumin goshi, a fili, a kan hanya, ba ta ko waiga ba.

Suka shimfiɗa Yelwa a kan ƙyauren, suka tallafe ta da mayafi. Shi ya kama gaba, ita ta kama baya. Wasu masu tallar itace da suka hango su suka ajiye kaya suna salati.

"Innalillahi! Wa ya rasu? Kuma mace da ɗaukar makara?"

"Ba wanda ya rasu!" Safara'u ta amsa da ƙarfi. "'Yata ce, da ranta! Ku ba mu hanya!"

Rana ta yi sanyi suka shiga Maigatari. Ɗantsoho maɗori dattijo ne mai kaurin yatsu da ƙarancin magana. Ya sa aka kwantar da Yelwa rub da ciki, ya yi bisimilla, ya bi ƙashin bayanta da babban yatsa, gaɓa bayan gaɓa, tun daga wuya. Da ya zo kan ƙullutun ya tsaya. Ya tsikari tafin ƙafarta da tsinke.

"Kin ji?"

"Kaɗan."

"Alhamdu lillahi, kaɗan ma arziki ne. Kai uban, riƙe kafaɗunta. Ke, zauna inda za ta ga fuskarki."

Ya ja a hankali, ya danna. Yelwa ta ƙwalla ƙara ta damƙe hannun Safara'u. Ilu na riƙe da kafaɗun, hawayensa na ɗiga a kan kitson 'yarsa. Dattijon ya jera tsagaggun kara a bayan, ya naɗe da ƙyallen sawaye.

"Za ta kwanta a kan abu mai tauri har shuka ta kai gwiwa. In na kwance, tausa da man shanu safe da yamma, gefe da gefen ƙashin, ba kansa ba. Tulu kuwa ita da shi har abada. Ban ce za ta miƙe sak ba, ni ɗaurewa nake yi, Allah ke ɗori. Wa zai yi jinyar? Kakarta?"

"Uwarta," in ji Safara'u.

Ya dube ta, ya dubi yarinyar. "'Yar fari ce?"

"Ita ce."

"To," kawai ya ce, ya tafi wanke hannu.

Suka zauna a gidan Manu. Ilu ya riƙa dako da jakunansa a kasuwa, duk Juma'a ya tafi Gumel ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ta juya masa baya, ya dawo. Safara'u kuwa ta koyi 'yarta kamar baƙuwa. Ashe tana tsoron ƙadangare. Ashe in za ta yi dariya sai ta rufe ido. Wata safiya ana tausa yarinyar ta ce "Umma, nan ne ke ciwo," hannun Safara'u ya tsaya cak, sannan ya ci gaba.

Damina ta yi nisa, Yelwa ta fara tsayuwa tana dafa bango. Ran nan da la'asar aka yi sallama, sai ga Inna an sauke ta daga kan jaki, ta rame, fuskar nan a murtuke.

"Na zo ɗaukar 'yata. Ko gurguwa ce a ba ni abata."

"Inna!"

Yelwa ta saki bangon. Taku ɗaya... ta yi tangaɗi, Ilu ya zabura, Safara'u ta riƙe rigarsa. Ta sake takawa. Kafaɗar hagu ta ɗan sauka, ba za ta ƙara daidaita da 'yar'uwarta ba, amma da ƙafarta ta ratsa tsakar gida ta faɗa jikin kakarta.

Safara'u ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, har kajin gidan suka watse.

Inna ta ɗago, idonta jawur. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Uwa na yi wa 'yar fari guɗa! Ke dai ba ki da kunya, Safara'u."

"Ba ni da ita, Inna."

Hannun tsohuwar na shafa bayan yarinyar, sama da ƙasa, inda babu tabon wuta ko ɗaya. Ta daɗe a haka.

"Tausar nan da ake faɗi... yaya ake yinta?"

"Zan nuna miki. Amma ki sani tun yanzu, ta yamma ce taki. Ta safe tawa ce, a Gumel ma, ko gari duka zai taru yana kallo."

Inna ta harari ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kana washe baki! Haka za ka bar ta tana yanka min sharaɗi?"

Ilu ya durƙusa, ya kasa ɓoye murmushinsa. "Inna, ni ma a kan sharaɗinta nake zaune."

"Shashasha," in ji Inna. Ta naɗe hannun rigarta, ta miƙa wa Safara'u tafukanta biyu. "Zubo man."